Zaman Baƙunci a Ƙasashen Sanyi: Darasi ga Masu Tafiya da Iyalansu

GABATARWA

Kowace shekara 'yan Nijeriya masu yawa suna tafiya ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa, waɗansu neman ilmi, waɗansu aikin asibiti, waɗansu kuwa bin mazajensu ko matansu. Galibin ɗalibai suna sauka ne a cikin watan Satumba, sa'ad da makarantu ke buɗewa, watau hunturu yana bakin ƙofa ke nan. Nufin wannan darasi shi ne a bayyana wa mai tafiya abin da zai tarar, da yadda zai tsare lafiyar jikinsa da ta zuciyarsa har sanyi ya wuce. Za mu yi misali da mutumin unguwar Dawaki ta cikin garin Gombe, amma maganar ta shafi kowa.

Wannan hanya ba yau aka fara bin ta ba. A cikin 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, mai suna Dorugu, ya bi Bature matafiyi Dakta Barth har Ingila, daga baya aka buga labarin tafiyarsa a littafin Magana Hausa a 1885. Malam Abubakar Tafawa Balewa ya tafi karatu Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Hunturun farkon 1947 kuwa yana cikin mafi tsanani da Ingila ta taɓa gani, har gawayin kwal ya yi ƙaranci aka riƙa yanke wutar lantarki. Duka sun komo gida da abin da suka tafi nema.

1. BAMBANCIN HUNTURUNMU DA NASU

Mutumin Dawaki ya san hunturu. Ya san iskar da ke kaɗawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da hazo, da tsagewar leɓe, da faso. Amma sanyinmu na safe ne da na dare. Da hantsi ya yi, an tuɓe rigar sanyi, kowa ya kama sha'aninsa a cikin rana.

Can ba haka ba ne. Ruwa yana daskarewa idan ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifiri. A birnin Mosko matsakaicin yanayin watan Janairu ya kan kai wajen digiri 6 ƙasa da sifiri, a birnin Winifeg na Kanada kuwa akan sami ranakun da zai kai 30 ƙasa da sifiri. Landan ba ta kai haka ba, amma sanyinta mai laima ne, ga yayyafi, ga gizagizai da kan rufe sama kwana da kwanaki.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne gajartar yini. Dalili kuwa, duniya a karkace take juyawa, saboda haka a watan Disamba sashenta na arewa yana kauce wa rana. Gombe tana kusa da tsakiyar duniya, don haka yininta bai cika sauyawa ba: ko a Disamba ya kan kai awa 11 da rabi. A Landan kuwa, ran 21 ga Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, watau yini bai cika awa 8 ba. A Toronto kusan awa 9 ne, a Mosko awa 7, a Helsinki ta ƙasar Finlan bai kai awa 6 ba. A garin Tromso na arewacin Nowe, rana ba ta ɓullowa sam har kusan wata biyu. Ɗalibi ya kan fita cikin duhu, ya komo cikin duhu.

2. TSARE JIKI

Sutura. Riguna uku marasa kauri, wata bisa wata, sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce ke tare sanyi. A sami kwat wadda ruwa ba ya ratsa ta, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmi mai rufi wanda ƙasansa ba ya santsi a kan ƙanƙara. Ya fi kyau a sayi manyan kayan sanyi a can, gama don yanayinsu aka ɗinka su, kuma akwai kantunan gwanjo masu rahusa. Idan yatsu suka sandare suka daina ji, a sa su a ruwa mai ɗumi kaɗan. Kada a murza su, kada kuma a kara su a wuta.

Ɗaki. Kafin ka kama haya, ka tambaya ko kuɗin ɗumama ɗaki yana cikin kuɗin hayar, domin a hunturu kuɗin gas da lantarki yakan yi tsalle. Ka riƙa buɗe taga na ɗan lokaci kowace rana don kada bango ya yi fumfuna. Ga kuma gargaɗi mai girma: a gida waɗansu sun saba shiga ɗaki da kaskon garwashi. Ko a gida wannan ganganci ne, balle a ɗakunan Turai da ake toshe kowace kafa. Garwashi yana fid da wata iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barcinsa. Kada ka hura gawayi a ɗaki, kada kuma ka bar murhun gas a kunne don jin ɗumi.

Abinci da magani. Fatar mutum tana samar da bitamin D ne daga hasken rana, shi kuwa yana ƙarfafa ƙashi da tsoka. Ranar hunturun Turai ba ta da ƙarfin yin wannan aiki. Hukumomin lafiya na Ingila suna ba da shawarar shan maikirogiram 10 kowace rana daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuwa su duba yiwuwar sha dukan shekara. Ka yi rajista da likita tun makon farko, kada ka bari sai ciwo ya zo, ka kuma tambaye shi batun allurar rigakafin mura. Man kaɗanya da ka sani a gida zai yi maka amfani ƙwarai, gama ɗumin ɗaki yana busar da fata. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada.

3. KAƊAICI, WANDA YA FI SANYI CIWO

Duk abin da muka ambata a sama kuɗi da kula suna maganinsa. Abin da ya fi wuya shi ne kaɗaici, kuma shi ne ainihin darasinmu.

Dubi yadda yini ke tafiya a Dawaki. Mutum bai fita masallaci da asuba ba sai ya gaisa da mutum goma. Ga teburin mai shayi, ga majalisar ƙofar gida bayan la'asar, ga suna, ga ɗaurin aure, ga 'yan kallon ƙwallo da suka dawo daga filin wasa na Pantami suna gardama. Mata suna shiga gidajen juna barka da jaje ba sai an aika musu ba. Ba wanda ya taɓa zama ya shirya hira, ita ke zuwa ta same shi.

A ƙasashen sanyi hunturu yana kora kowa cikin gida. Tituna su yi tsit tun magariba, maƙwabci ba ya shigo maka sai da alkawari, kuma ba ƙiyayya ba ce, al'adarsu ce. Mutumin da bai taɓa cin tuwo shi kaɗai ba sai ya yi mako guda bai yi doguwar magana da kowa ba.

Likitoci sun san wani ciwon damuwa da ke zuwa tare da gajartar yini. Wani likita mai suna Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka su ne suka bayyana shi a 1984. Alamunsa su ne yawan barci ba tare da jin an huta ba, da kasala, da kwaɗayin kayan zaƙi, da ƙin shiga mutane, da baƙin ciki ba gaira ba dalili. Wannan ba ragwanci ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma sammu ba ne. Ciwo ne, yana kama 'yan ƙasa da baƙi, yana kuwa da magani: fita cikin hasken rana, motsa jiki, zama gaban wata fitila ta musamman wajen rabin awa da safe, da ganin likita idan abin ya daɗe. Wanda ya ji rai ya fita masa a ka, har yana tunanin cutar da kansa, lalle ne ya nemi taimako a ranar, kada kunya ta hana shi.

4. YADDA AKE KAFA DANDALI A BAƘON WURI

Tun da hira ba za ta zo da kanta ba, tilas a shirya ta kamar yadda ake shirya cefane. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ga hanyoyi:

Na ɗaya, ka tsare lokutanka. Ka tashi lokaci ɗaya kullum, ko da gari bai waye ba. Ka fita da tsakar rana ka yi tafiyar rabin awa, gama hasken waje, ko da akwai gizagizai, ya fi na fitilar ɗaki nesa ba kusa ba. Musulmi ya lura cewa a Landan cikin Disamba azahar da la'asar da magariba duka suna faɗawa ne tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 4, sai ya nemi jadawalin masallacin garin ya daidaita da aikinsa.

Na biyu, ka riƙe jam'i. Sallar Juma'a ko sujadar Lahadi ita ce wuri mafi sauƙi na samun 'yan'uwa. Kusan kowace jami'a tana da ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ko ta 'yan Afirka. Ka kai kanka, ka kuma sanar da ofishin jakadancin Nijeriya inda kake.

Na uku, ku kafa cin abinci na karɓa-karɓa. Mutum huɗu ko biyar su sa rana guda a mako, yau ɗakin wannan, mako mai zuwa ɗakin wancan. Garin shinkafa ko samobita sun isa tuwo. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji ba su da nauyi a jaka, amma a duba dokar ƙasar da za a shiga, a kuma nuna su ga ma'aikatan kwastan idan an tambaya. Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa a bar su gida, domin Ingila da Tarayyar Turai sun hana matafiyi shiga da nama ko kayan nono daga ƙasashe irin namu. A unguwar Peckham ta Landan akwai kantunan abincin Nijeriya birjik. Bayan cin tuwo a kawo dara ko ludo, a yi wa yara tatsuniya don kada Hausa ta kuɓuce musu.

Na huɗu, ka ci moriyar garin. Ɗakunan karatu na hukuma kyauta ne, ga ɗumi, ga mutane. Manyan gidajen tarihi na Landan ba a biyan kuɗin shiga. Gasar ƙwallon Ingila ba ta tsayawa don sanyi, har ran 26 ga Disamba akan buga. Akwai zaurukan wasanni masu rufi inda ake ƙwallo da iyo. Idan abokan karatu suka gayyace ka wasan zamiya a kan ƙanƙara, ka je, ko faɗuwa ka yi ka sami abin ba da labari. Matambayi ba ya ɓata, wanda ya yi abota da 'yan gari kuwa ya fi saurin sabawa.

Na biyar, ka ji muryar gida, amma da awo. Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Muryar Jamus da ya fara a 1963, ana samunsu a wayar hannu, haka ma finafinan Hausa da tashar Arewa24. Ka sa Magana Jari Ce ko Shaihu Umar a cikin kayanka. Sai dai wanda ya kwana yana kallon waya, ya yini yana barci, ya ƙara wa ciwon ƙarfi ne.

Na shida, ka yi shirin hutun ƙarshen shekara. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu makarantu suna rufe, 'yan ƙasa su tafi gidajensu, ɗakunan kwanan ɗalibai su zama kufai. Ran 25 ga Disamba jiragen ƙasa da bas-bas na Landan ba su aiki, yawancin kantuna kuma a rufe suke. Ka yi cefane da wuri, ka san wurin da za ka yi waɗannan kwanaki da wanda za ku yi su tare.

Akwai tarko biyu da kaɗaici ke kai mutum ciki. Ɗaya giya, wadda ke sa a ji kamar ɗumi alhali tana fid da zafin jiki ne. Ɗayan kuwa cacar waya, wadda ta kan cinye kuɗin makaranta ba wanda ya sani.

5. AIKIN NA GIDA

Ku iyaye da 'yan'uwa, kada ku zaci wanda ke Turai a kan gadon daula yake. Ku sa ranar kiransa kowane mako, ku ba shi labarin unguwa, wa ya yi aure, wa ya haihu, nawa ake sayar da kwanon wake. Kada kowace gaisuwa ta zama roƙon kuɗi, domin wanda ya san haka ne zai daina ɗaukar waya. Ku tuna a hunturu agogon Ingila yana bayan namu da awa guda. Idan kuka ji muryarsa ta sauya, ko ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, ku tambaye shi a hankali, ku ƙarfafa masa ya ga likita. Matar aure da aka kai ta zauna a gida da ƙananan yara, miji yana wurin aiki, ita ta fi kowa bukatar wannan kula.

KAMMALAWA

Daga 22 ga Disamba yini yana fara ƙaruwa kaɗan kaɗan, kafin ƙarshen Maris ya daidaita da dare. Komai nisan dare gari zai waye. Wanda ya tanadi sutura ya tsare jikinsa, wanda ya tanadi mutane ya tsare hankalinsa, ƙasa kuwa tana bukatar ya komo da duka biyu lafiya. Allah ya kai lafiya, ya komo da kowa lafiya.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Me ya sa yinin Disamba ya fi gajarta a Landan bisa ga Gombe?
2. Wane haɗari ke cikin hura gawayi a rufaffen ɗaki?
3. Kawo alamu huɗu na ciwon damuwa na hunturu.
4. Waɗanne kayan abinci ne aka hana matafiyi shiga da su Ingila?
5. Idan kana da ɗan'uwa a ƙasar sanyi, me za ka yi masa a wannan mako?