Abin da ke Hana Shiga Manhaja ta Bayan Na'urar Iso

Sau da yawa a kan gina manhaja ta intanet, a gwada ta a kwamfutar ofis a ga kome daidai, amma ran da aka buɗe ta ga jama'a sai shiga ta gagara. Mutum ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa ba kuskure, sai a komo da shi shafin da ya baro. Hasarar da ke cikin wannan ba kaɗan ba ce. In manhajar ta biyan albashi ce, albashi ya makara, in ta rajistar ɗalibai ce, ranar rufewa ta wuce waɗansu. Wannan darasi domin ma'aikatan da ke lura da irin waɗannan na'urori ne.

Mece ce na'urar iso?

Baƙo ba ya faɗa wa maigida kai tsaye, sai ya tsaya a zaure a yi masa iso. Haka abin ya ke a intanet. A kan ajiye wata na'ura a gaba, ita ke karɓar buƙatar kowane mai ziyara, ta miƙa wa sabar da manhaja ke ciki, ta karɓo amsa ta kawo masa. Daga cikin waɗanda aka fi sani akwai Apache, da HAProxy, da Nginx wadda Igor Sysoev, mutumin Rasha, ya fito da ita a 2004.

Tushen wahalar duka guda ne, watau manhaja ba ta ganin baƙo, mai iso kaɗai ta ke gani. Abin da na'urar iso ba ta faɗa mata ba game da baƙon, ba ta san shi ba.

Shaidar shiga

Ka'idar HTTP ba ta tuna kowa daga buƙata zuwa buƙata. Saboda haka in mutum ya ba da kalmar sirri daidai, manhaja ta kan ba burauzarsa wata 'yar shaida mai kama da tikiti, wadda a ke kira kuki. Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙago ta a 1994. Burauza ta kan nuna kukin a kowace buƙata. In ba a ba da shi ba, ko aka ba da shi bai komo ba, manhaja za ta ɗauki mutumin baƙo ne sabo.

Dalilai biyar

Na farko, rashin sanin hanya. Baƙo ya kan zo ta rufaffiyar hanya, watau HTTPS, a ƙofa mai lamba 443. Na'urar iso ta kwance rufin, ta miƙa saƙon ta buɗaɗɗiyar hanya, watau HTTP. Manhaja sai ta zaci baƙon ta buɗaɗɗiya ya zo. Waɗansu manhajoji, kamar waɗanda aka gina da Express, su kan ƙi ba da kuki mai alamar Secure a wannan hali. Waɗansu kuma su yi ta tura baƙon zuwa HTTPS alhali kuwa can ya ke, har burauza ta gaji ta tsaya. Maganinsa shi ne na'urar iso ta aika da kan saƙo mai suna X-Forwarded-Proto, a kuma umurci manhaja ta yarda da shi. A Express wannan umurni shi ne trust proxy, a Django kuwa SECURE_PROXY_SSL_HEADER.

Na biyu, sauyin suna. In ba a hana Nginx ba, ta kan sa sunan sabar ta ciki a kan saƙo na Host maimakon sunan da baƙo ya rubuta. Daga nan manhaja ta tura baƙon wani adireshi na cikin gida wanda ba ya iya kaiwa, ko ta zargi takardar shigarsa da cewa daga wani shafi aka cuso ta, ta amsa da lamba 403. Tun fitowar Django 4.0 a Disamba 2021, ya kan gwada asalin da burauza ta faɗa da sunan da ya ke gani, in sun saɓa ya ƙi. Lalle ne a miƙa sunan gaskiya.

Na uku, adireshi ɗaya ga kowa. Manhajoji da yawa su kan rufe adireshin da aka yi ta kuskuren kalmar sirri daga gare shi. In adireshin na'urar iso kaɗai manhaja ke gani, kuskuren mutane kaɗan ya isa a rufe wa kowa ƙofa. Kan saƙo na X-Forwarded-For shi ke ɗauke da adireshin baƙo na ainihi.

Na huɗu, sabar fiye da ɗaya. In na'urar iso tana raba aiki tsakanin sabar biyu, kowace kuma tana riƙe da sunayen waɗanda suka shiga a cikin ƙwaƙwalwarta, wanda ya shiga ta farko, ta biyu ba ta san shi ba. Alamar wannan ita ce shiga ta yiwu wani lokaci, wani lokaci ta ƙi. A ajiye sunayen a ma'aji ɗaya, kamar Redis, wanda dukansu ke dubawa.

Na biyar, girman amsa. Wurin da Nginx ta tanada domin kanun amsa kilobait 4 ne ko 8. In kukin ya yi girma har ya wuce haka, sai ta amsa da lamba 502. A ƙara girman proxy_buffer_size.

Yadda a ke bincike

Kada a sake abu biyu a lokaci ɗaya, domin in an yi haka ba za a san wanda ya yi magani ba. Da fari a gwada shiga manhajar kai tsaye daga cikin gida. In ta yiwu, laifin yana tsakaninta da na'urar iso. Sa'an nan a buɗe kayan bincike na burauza a duba amsar da ta biyo bayan kalmar sirri. Akwai Set-Cookie a ciki? In akwai, burauza ta komo da kukin a buƙata ta gaba? Wane adireshi aka tura baƙon? Bayan haka a jera rajistar na'urar iso da ta manhaja, a gwada abin da kowace ta rubuta a daƙiƙa ɗaya.

Gargaɗi

Kowa yana iya rubuta waɗannan kanun saƙo da hannunsa, har mai mugun nufi. Saboda haka tilas ne na'urar iso ta shafe waɗanda baƙo ya zo da su ta rubuta nata, manhaja ta yarda da su daga adireshin na'urar iso kaɗai, a kuma rufe ƙofar sabar ta ciki ga mutanen waje. Ma'aikacin da ya buɗe amincewa ga kowa don ya huta, ya ba ɓarawo damar ɓoye adireshinsa.

Rigakafi ya fi magani. Kowane ofishi ya kamata ya tanadi wurin gwaji mai na'urar iso da rufaffiyar hanya daidai da na wurin aiki, a gwada shiga da fita a can kafin a buɗe wa jama'a.