Saƙonni Sun Ɓace Bayan Sabunta Kwamfuta

Wani mai sauraronmu daga Unguwar Rimi a Kaduna ya ce tunda ya ɗaga kwamfutarsa zuwa Windows 11, in ya nemi tsohon saƙo a Outlook ba ya ganin komai.

Malam, kwantar da hankalinka, saƙonninka suna nan. Outlook ba ya bin wasiƙu ɗaya bayan ɗaya, wani kundin bincike na Windows yake dubawa, sabuntawar kuwa takan goge kundin. Kamfanin Microsoft da kansa ya amince da wannan matsala a ƙarshen 2021.

Ka shiga Control Panel, ka buɗe Indexing Options, ka tabbata Outlook na cikin jerin, sannan ka danna Advanced, ka zaɓi Rebuild. Aikin kan ɗauki sa'o'i in saƙonnin suna da yawa, kuma yakan yi jinkiri a kan batir, don haka ka fara lokacin da aka kawo wuta, ka bar Outlook a buɗe.

Kafin ya kammala, nemi saƙon ta wayarka. Kada ka bari mai gyara ya goge kwamfutar, abin bai kai nan ba.