Iyayen Bengu, Ga Abin Yi Ga Abin Bari Kan Karatun 'Ya'yanku

Da ku nake, iyayen yara na Bengu da ƙauyukanta, maza da mata. Gwamnati tana da nata laifi, malaman lakwal ma suna da nasu, kuma ranar faɗin nasu tana nan tafe. Yau naku zan faɗa, domin kafin yaro ya ji kalma ɗaya daga bakin mushe, wato malamin lakwal, ya riga ya duba fuskar ubansa da ta uwarsa ya gane ko wannan karatu abin ɗauka da nauyi ne ko abin wasa.

Kuma lamarin ya wuce wasa. A gwajin PASEC na 2014, wanda aka yi a ƙasashen Afirka goma masu karatu da Faransanci, Nijar ce ta zo ƙarshe. Cikin yaran ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. An samu sauƙi a gwajin 2019, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai mizani ba. Shekara shida yaro yana zuwa yana dawowa, a miƙa masa wasiƙa ya tsaya yana kallonta. Wani kaso na wannan asara a cikin gidajenmu ake yin sa.

Kada ku kushe boko a gaban yaro. Kun san maganar da nake nufi. Ana zaune a majalisa bayan la'asar, wani ya ce ɗan wane ya gama karatu har jami'a ga shi yana kabu-kabu a Gaya, ɗan wane kuwa da bai taɓa shiga aji ba ya ƙetara Malanbil ya dawo da babur da waya. A yi dariya. Yaro yana gefe yana wasa da ƙasa, kuna tsammanin hankalinsa ba ya wurin, alhali ya kwashe komai. Gobe in ya ƙi tashi da safe, ku ce yaran zamani sun lalace. Rashin aiki ga masu takarda gaskiya ne, ba mai musunsa. Amma ku faɗi ɗaya gaskiyar ma. Da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowa ya ga yadda abincin da ya dogara da iyaka yake yankewa dare ɗaya. Sannan ko noman da muke taƙama da shi yana neman mai karatu. Wa zai karanta abin da aka rubuta jikin kwalbar maganin feshi kafin a zuba wa dankali? Wa zai duba lissafin dillali in ya zo kwasar buhuna, ko takardar bashin taki, ko ta gona in rigima ta kai gaban hukuma? Gidan da ba shi da mai karatu, duk waɗannan sai ya ɗauka ya kai wa bare, ya kuma yarda da abin da baren ya ce.

Ku kai yaro ranar da aka buɗe makaranta a watan Oktoba, ba ranar da kuka gama girbi ba. Na san lokacin yana cin karo da kwasar gero da dawa, daga nan a shiga tonon dankali da saran rake, aikin fadama ba ya ƙarewa a wannan yanki namu na Dallol. Ba wanda ya ce a raba yaro da gona, noma gadonsa ne. Ku ba shi aikinsa da yamma, da ranakun da babu lakwal, da lokacin hutu. Amma yaron aji ɗaya da ya rasa makonnin farko, lokacin da ake koyar da baƙaƙe da wasula, ya rasa abin da sauran karatun zai hau kai. Zai zauna a baya bai gane komai ba, kunya ta kama shi, daga kunya sai ƙiyayya, daga nan sai gudu.

Kada kowa ya sake fakewa da cewa shi bai yi boko ba, don haka ba abin da zai iya yi. Wannan uzuri ne ya fi kowane cutar da yaranmu, domin kamarsa kamar gaskiya. Malam, ba ka iya Faransanci ba, amma kana da ido. Ka ce ɗanka ya kawo kayensa. Ka buɗe. Za ka gane ko an yi rubutu yau ko shafin fari ne fat. Za ka gane jan bik na malami. Za ka gane bambancin 3 da 8, tunda kana ƙirga jikkuna a kasuwa ba a cuce ka ba. Ka ce ya karanta maka layi biyu da ƙarfi, ya fassara maka da harshen gida. In ya yi ta in-ina, ka san akwai gyara. In ya zuba tiryan-tiryan, ka ce masa madalla, Allah ya yi albarka, kuma ka faɗa a gaban uwarsa da 'yan'uwansa. Wannan albarka da ta fito daga bakin uba ta fi duk kyautar da za a ba shi a makaranta. Ke ma inna, in an gama tuwon dare, ki shimfiɗa masa tabarma, ki kunna masa 'yar fitila, ki kori ƙanne daga kansa, ki hana a aike shi har ya gama. Ba sai kin san abin da ke cikin littafin ba. Zamanki kusa da shi kina gyaran wake ya ishe shi sanin cewa abin da yake yi yana da daraja a gidan nan. Kuma ku riƙa leƙa makarantar da ƙafarku. Wanda ya dasa dankali ba ya jira sai ranar tono kafin ya je ya ga halin da gonar take ciki.

Ku yi wa kowane jariri takardar haihuwa tun yana cikin zanen goyo. A kan lokaci kyauta ce. In an yi sakaci sai ta koma aikin kotu, da zirga-zirga zuwa Gaya, da kashe kuɗi. An dawo da jarrabawar kammala firamare a 2024, ga ta BEPC ta kammala kwaleji a gaba, kuma duk ana neman wannan takarda. Abin takaici ne yaro ya yi shekara shida yana ƙoƙari, sakacin yini ɗaya na ubansa ya tare masa hanya.

Kada ku tura yaro aji da cikin wofi. Ko kunu ne, ko ɗumame, ko dafaffen dankali guda biyu a aljihu.

Ku sa yara cikin gidan sauro, domin buɗe makaranta yana zuwa ne daidai lokacin da zazzaɓi ya fi kayar da yara. In kun ji yaro yana fitsari da jini bayan wanka a tafki, tsargiya ce, tana da magani a likita, ba alamar girma ba ce.

Kada ku ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin aji. Ke uwa, da ke nake, kuma na san abin da za ki ce: da ribar muruci da rake da ƙosai ake sayen sabulu, da ita ake tara kayan ɗaki. Na ji. Amma ki lissafa da kyau. Ranar kasuwa ɗaya a kowane mako, in aka tara ta tsawon shekara, ta haura wata guda na karatu. Ki kuma tuna inda kike tura ta: tasha, bakin hanya, cikin direbobi da baƙin da ba ki san asalinsu ba. Garin da ke kusa da iyakoki biyu ba wurin sakin 'ya mace ba ne. In tallar ta zama dole, a yi ta bayan an tashi, a ƙofar gida, inda idonki yake kai. Kuma aikin gida a raba shi. Ba daidai ba ne ita ta yi daka da ɗiban ruwa da wanke-wanke har ta makara, ɗan'uwanta yana kwance.

Kada ku cire yarinya daga aji don aure. A Nijar, wajen uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, kuma ba ƙasar da ta kai mu a wannan. Tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi kare yarinya mai karatu da tallafa mata har ta kai shekara 16. To amma ba tsoron doka nake so ya hana ku ba. Ku tambayi kanku: in matarka tana naƙuda, wa kake so ya karɓi haihuwar? Mace. In 'yarka ta girma a aji, wa kake so ya koyar da ita? Mace. To daga gidan wa za ta fito, in kowa ya cire tasa a aji biyar? Wanda kuma yake jingina abin da addini, ya tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ƙasar da aka yi wannan ba nisa gare ta da mu ba. Mai son 'yarku da gaske zai jira ta, ko ya yi alkawari gaban shaidu cewa za ta ci gaba, ku kuma ku tsaya sai ya cika.

Kada ku haɗa allo da boko faɗa a zuciyar yaro. Asuba da dare na allo, hantsi na lakwal, haka dubban yara suke yi suna kuma cin duka biyun. Malamin allo da direktan makaranta su zauna su daidaita lokaci, ku iyaye ku ne za ku haɗa su.

Ku girmama mushe, musamman baƙo ɗan kwantiragi da aka turo daga nesa, wanda albashinsa ƙanƙane ne kuma yakan makara. Ku sama masa ɗaki mai kyau, ku gaishe shi, ku gayyace shi suna da biki. Malamin da gari ya riƙe ba ya ƙosawa ya nemi canji. In ɗanka ya kawo ƙararsa, kada ka ɗauki sanda ka nufi makaranta kana zage-zage yara suna kallo, domin daga ranar ɗanka ya gama jin maganar kowane malami. Ka je cikin natsuwa ka ji ta bakinsa. Amma girmamawa ba ta nufin rufe ido. Malamin da yake tafiya karɓar albashi ya share mako, ko yake kwasar yara zuwa gonarsa, ko yake dukan da ke barin tabo, a gaya wa direkta. In bai yi komai ba, a wuce wurin sufeto. Wanda kuwa ya nemi 'yar makaranta da lalata, kada a sasanta a zaure, kada a karɓi ban-haƙuri. A kai shi gaban hukuma.

Ku halarci taron Kojes, kwamitin kula da makaranta. Wannan kwamiti, da yanzu hukuma take kira CGDES, an ƙarfafa shi ne da wani shiri da ƙasar Japan ta tallafa, wanda ya faro a jihar Tawa a 2004, ya game ƙasa a 2007. Abin da ya sa ya yi aiki inda ya yi aiki abu ne mai sauƙi: jama'a su zaɓi shugabanni da ƙuri'ar asiri, su taru su tsara abin da za a yi wa makaranta a shekara, su sake taruwa a karanta musu abin da aka tara da abin da aka kashe. Inda aka bar wa mutum uku, ko aka naɗa wani don ɗan gidan sarauta ne ko ɗan jam'iyya, sai kwamitin ya zama suna kawai. Saboda haka ku je, ku yi magana, ku biya abin da aka yanka, ku kuma nemi lissafi dala-dala ba tare da jin nauyin kowa ba. Ku bar mata su yi magana, su ma suna da ƙungiyarsu ta iyaye mata, kuma su suka fi sanin yarinyar da ta daina zuwa da dalilin dainawarta. Kada a manta da mutanen ruga da na tunga. Bakyange da Badende da Bahaushe da Bafillace, benci ɗaya 'ya'yansu suke zama, kada manya su shigar musu da abin da ba su zo da shi ba.

Kada ku jira a buɗe makaranta kafin ku fara neman kara da zana na rumfunan aji. Ku tanada tun da wuri, a kafa cikin yini ɗaya da aikin gayya. Ku bar tazara tsakanin rumfa da rumfa, ku yi wa kowace ƙofa biyu, ku nisanta masu tuya da duk wata wuta. A Afrilun 2021 gobara ta cinye yara kimanin 20 a rumfunan wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, a Nuwamban shekarar kuma aƙalla 25 suka rasu a Maraɗi. Mafi ƙanƙantan yara su za a fara bai wa ajin gini. In gari yana da ƙarfin buga tubali, a buga, ko aji ɗaya ne a shekara. Makewayi ma a gina, na mata daban, domin rashinsa yana korar 'yan matan da suka fara girma ba tare da sun gaya wa kowa dalili ba.

Kada ku ce wa yaron da ya faɗi jarrabawa daƙiƙi, kada ku gwada shi da ɗan kishiya. Ku bincika: ko ba ya ganin allo, ko ba ya ji sosai, ko wani yana cin zalinsa a hanya. In maimaita aji ne, ya maimaita.

Wanda kuma ya ci, aka tura shi kwaleji nesa da ƙauye ko lise a Gaya ko Doso, kada ku ajiye shi gidan mai masauki ku juya baya. A nan ne yara da yawa suke sulalewa, bayan an sha wahalar shekara shida. Ku san gidan, ku san matar gidan, ku san inda yake kwana da irin aikin da ake sa shi. Ku aika da hatsi a kan kari don kada ya zama nauyi a ƙasƙantar da shi. Ku karɓi lambar wayar wani malaminsa, ku riƙa kira. In mace ce, uwa ta je da kanta ta kwana biyu ta gani, kuma duk ƙarshen zango ku nemi takardar sakamako a hannu, ku sa a karanta muku ita tun daga sama har ƙasa.