Karanta Jikin Ƙunshi Kafin a Kai Tukunya

Karatu: Daniyel 1:8-16

A Babila, Daniyel da abokansa uku sun lura da abin da suke ci, Ubangiji kuwa ya albarkace su. Jiki amana ce daga Allah, lafiyar iyali kuma tana hannun mai cefane. Abincin gwangwani da na leda suna ɗauke da rubutun da ya kamata iyaye su karanta.

Na fari, a duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993, da ranar da abincin zai lalace.

Na biyu, jerin kayan haɗi. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan sukari ne a gaba, abin shan yara ya zama ruwan zaƙi kawai.

Na uku, gishiri, wanda sau da yawa ake rubuta shi da sunan sodiyam. A ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi, a sami nauyin gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya da taliyar yara cike suke da shi, yawansa kuwa yana jawo hawan jini, wanda kan kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Don tattaunawa: Wane ƙunshi ne a gida ya fi gishiri? Me za a rage a wannan mako?