Samun Gurbi Daban, Samun Mai Biya Daban

'Ya'yana na Katabu da kuka gama injiniyanci a ABU Zariya ko Kadpoly, kuna hangen digiri na biyu a ƙasar waje, ku matso mu zanta. Niyyarku mai kyau ce, Allah Ya cika buri. Sai dai kada murnar takardar gurbi ta mantar da ku tambayar wa zai biya.

Jami'o'in Ingila da dama ba sa jan rai wajen ba da gurbin digirin shekara ɗaya, don kuɗin ɗaliban waje na cikin abin da ke riƙe da su. Saƙo ya faɗo a waya, gida ya kaure da guɗa, kafin a ankara ana shawarar a yanka gonar Baba ta bakin titin Zariya a sayar fuloti-fuloti. Ku yi lissafi tukuna. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya tafi da kuɗin zango ɗaya yana jiran ciko daga gida, sai ya ƙare yana aikin dare, karatun na kwance. Kuma tun Janairun 2024, mai irin wannan digiri a Ingila da ya ɗauki nauyin kansa ba ya tafiya da iyali.

Ku fara da ƙofofin da ke biya. Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana kai injiniyoyi Ingila da Jamus da Faransa da Malesiya, amma sai ka gama bautar ƙasa, sakamakonka ya yi kyau, ka kuma tsallake ganawar ido da ido. Tallafin karatu na Chevening kuwa yana neman shekara biyu ta aiki, da alkawarin komowa gida. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma biza sai da shaidar kuɗin zaman shekara, wanda a ƙarshen 2024 ya kai yuro 11,904. Ga Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai a Zaharan ta Saudiyya, wadda ke ba ɗaliban bincike masauki da alawus na wata; a ganina yaranmu sun cika tsallake ta suna hangen Turai.

In bincike kake so, farfesa ne mabuɗi. Kada ka aika masa doguwar gaisuwa da labarin wahalar gida, ba zai kai ƙarshe ba. Karanta maƙalarsa ɗaya har ka gane ta. Sannan ka rubuta layi kaɗan: ga aikina na ajin ƙarshe, a ce famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ga abin da na auna, ga inda ya gaza, ga inda ya haɗu da naka. Wanda ya san inda aikinsa ya gaza, malamai na ganin injiniya a tattare da shi.

Malamin da ya duba wannan aikin, ka riƙa zuwa gaishe shi tun kafin buƙata ta taso, shi zai rubuta maka shaida. Takardar sakamako kuma a neme ta da wuri, don fitarta kan ɗau lokaci.

Masu HND, ku tambayi jami'ar kai tsaye ko tana karɓa kafin ku biya kuɗin fom. Wasu sai an ƙara da PGD. Adireshin ofishin ɗaukar ɗalibai na nan a shafinsu, tambayar kuma kyauta ce, ba sai ta hannun ejan ba.