Darasi: Zafi da Sanyi a Cikin Aikin Kunun Zaƙi

'Yan'uwa manoma, matanmu da yawa a ƙasar Daura suna yin kunun zaƙi don sayarwa a kasuwannin Mai'aduwa, Zango, Ɓaure da Sandamu. Amma kowace bazara mukan ji kuka iri ɗaya: an dama kunu da dare, kafin azahar ya lalace, gero da sukari sun tafi a banza. Bari mu duba dalili.

Me ke sa tsami?

A shekara ta 1857 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke sa madara ta yi tsami. Irinsu ne ke aiki a cikin kunu. Kashi na farko suna ba da ɗan tsamin nan mai daɗi. Kashi na biyu, wato yisti, suna cin sukari su mai da shi giya da iska. Shi ya sa gorar kunu takan kumbura. Yistin da ke cikin burukutu shi ne wannan. Kunun da aka bari cikin zafi yakan kama hanyar zama abin da ba mu yi niyyar sayarwa ba.

Waɗannan halittu sun fi saurin yaɗuwa idan zafi yana tsakanin digiri 30 da 40. A Afrilu da Mayu zafin rana a wurinmu yakan kai digiri 40. Da hunturu kuwa dare yakan yi sanyi, aikinsu ya ragu. Saboda haka lokacin da ya dace a Janairu ya yi yawa a Afrilu.

Abin da za mu yi

1. Da hunturu, mu rufe kwano da tsumma mai tsabta, mu ajiye shi cikin ɗaki ya kwana.
2. Da bazara, mu rage lokacin. Mu ɗanɗana tun da asuba. In tsami ya kai, mu tace nan da nan.
3. Kada mu sa sukari sai za a fita kasuwa. Sukari abincin yisti ne.
4. Mu tace da ruwan da aka tafasa ya huce. Mu wanke gora da sabulu, gama ragowar jiya ita ke lalata na yau.
5. Mu dama iyakar abin da za mu sayar a yini ɗaya.

Ajiya ba wuta

Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekara ta 2000. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Yayin da ruwan ke bushewa, yana janye zafin ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Ta fi aiki da rani. Da damina iska na da laima, sanyin ba ya kai haka.

Kunun da ya yi kumfa, ko yauƙi, ko wari, mu zubar. Kada mu ba yara, gama yana iya kawo gudawa. Hasarar mudu ɗaya ta fi sauƙi a kan kuɗin magani da ɓacin suna a kasuwa.

Don tattaunawa a taron ƙungiya

Gora nawa muka zubar a bazarar da ta wuce? Wane maginin tukwane ne kusa da mu zai gina mana tukwane biyu mu gwada?