Otizim: Naƙasa Ce Ko Bambancin Halitta?

Aikina koyar da yara masu jinkirin magana ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mini a nan Kano masu larurar otizim ne, wadda wasu ke kira galahanga. Iyayen da suka sha karatu a intanet kafin su zo sukan tare ni da tambaya guda: “Malama, yaron nan naƙasasshe ne, ko kuwa halittarsa ce ta sha bamban da ta sauran yara?”

Gardamar daga ƙasashen Turawa ta taso. A 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya yi bayanin yara 11 da ya gani a asibitin Johns Hopkins, masu kaɗaita kansu da ƙin sauyi. Aka daɗe ana ɗora wa uwa laifi, wai rashin jan ɗanta a jiki ne ya jawo, har sai da binciken tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 ya nuna gado ne ke da babban hannu. Daga shekarun 1990 masu larurar da suka girma suka fara magana da bakinsu. Irin su Jim Sinclair a Amurka da Judy Singer a Ostareliya suka ce a daina kallonsu a matsayin abin da ya lalace ake neman gyara, ƙwaƙwalwarsu wani tsari ne na daban. Ana yawan kafa misali da Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3, ta zama farfesar ilimin dabbobi, kuma ana amfani da tsarin shingen shanu da ta zana a mayanka masu yawa a Amurka.

A wurare da dama suna da gaskiya, kuma a aji nake ganin gaskiyar tasu. Yaron da ke kaɗa hannuwa ko yana lilo da jikinsa, kwantar da hankalinsa yake yi, bai cuci kowa ba. In aka make masa hannu don kada baƙi su gani, an raba shi da abin da ke riƙe shi, sai kuka da birgima su biyo baya. Wanda ke toshe kunne in an tayar da janareto ko injin markaɗe, ƙarar ce ke yi masa zafi da gaske. Wadda ba ta cin tuwo sai busasshen abinci iri ɗaya, santsin miyar kuka ne bakinta ba ya ɗauka. Duk waɗannan ba na ɓata lokacina wajen kawar da su. Na kan ce wa uwa ta nisanta shi da lasifika ranar biki, ta gaya masa tun da wuri in za a fita unguwa, ta kuma roƙi dangi su daina tilasta masa gaisuwa a gaban jama'a. Gidan da ya yi waɗannan sauye-sauye yakan ga rigima ta ragu ba tare da an sha ƙwaya ko ɗaya ba.

Amma akwai yaran da in na ce wa uwarsu “bambanci ne kawai” na zalunce ta. Ɗan shekara 10 da ba ya iya cewa cikinsa na ciwo, sai dai ya buga kansa da bango. Wanda in aka bar ƙofa a buɗe ya fice, bai san mota ba, bai san rijiya ba, ga shi da son ruwa, ga kududdufai a unguwa da damina. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu larurar suna da raunin fahimta a tare da ita, kuma farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran yara. Uwar irin wannan yaro ta bar sana'a, ta bar zumunci, barcinta rabi da rabi. Shi ya sa littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sabunta a 2013 ya kasa larurar mataki uku, gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata. Masu iya rubutu a Facebook su kare kansu galibi ’yan matakin farko ne. Na mataki na uku ba sa cikin muhawarar, iyayensu mata kuwa ba su da sukunin shiga.

Ni dai a takarda naƙasa nake rubutawa, ba na jin nauyi. Dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da naƙasar da ta shafi tunani da fahimta. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati, ta yanke tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna musu wariya. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, kowa ya sani. Duk da haka, ranar da mai makaranta ya ce a ɗauke yaro don yana damun aji, wannan doka ce abin da uba zai riƙe a hannu, kuma ba ta san wani “bambanci” ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mafi yawan gidajenmu ba su ma iso wannan gardama ba. Bayanin da ke gabansu wani na daban ne: iska ce, sammu ne, hannun kishiya ne, ko kuma uwa ce ta sangarta shi. Wata kaka ta taɓa ce mini, “’Yar nan, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi baki, ki bar shi.” Na ce, “Hajiya, Allah ya sa haka, amma mu fara aiki kafin bakin ya zo.” Ba na hana kowa addu'a. Abin da nake hanawa shi ne turaren da ke shaƙe yaro, da duka da sunan fitar da aljani, da ɗaure shi a ɗaki. Masu cewa allurar rigakafi ce kuma, su sani mujallar Lancet ta janye binciken 1998 da ya haddasa zancen a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya yi shi.

Al'adarmu ma tana ɓoye wasu alamomin. Littattafan Turawa sun ɗauki rashin haɗa ido babbar alama, mu kuwa yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba yabonsa muke yi. Yarinya mai shiru a lungu sai a ce kunya gare ta, ta kai aji shida ba wanda ya lura. Yaron da ya haddace surori ko tallar rediyo sai a ce ai yana magana, alhali ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Don haka wasu abubuwan nake tambayar uwa. In an kira sunansa yana ɗan shekara ɗaya, yana waiwayowa? Da wata 18, yana nuna jirgin sama da yatsa ya juyo ya ga ko kin gani? Yana kawo miki abin wasansa don ki kalla? Ya taɓa iya kalmomi sannan suka ɓace?

In amsoshin sun ba da damuwa, a fara da gwajin ji, don kurumta na kama da wannan. Daga nan a nemi likitan yara ya tura ku sashen ƙwaƙwalwa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna suna cikin wuraren da ake zuwa. A tafi da bidiyon yaron yana wasa a gida, domin a ɗakin likita ba lallai ne ya nuna halinsa na kullum ba.